Yadda zaka samu abinci da ruwan sha a ƙauyukan hanyar tattakin Santiyago

Duk wanda ya zo min da maganar yana son taka hanyar Santiyago ta ƙasar Sifen, kafin mu kai ga zancen takalmi ko jakar goyo abin da nake fara gaya masa shine, abinci akwai, ruwa akwai, in Allah ya yarda babu wanda yunwa zata kayar a hanyar nan, amma fa ƙauyukan da zaka ratsa da agogonsu suke aiki ba da agogon cikinka ba. In ka gane wannan tun ranar farko ka huta, in baka gane ba sai ka tsinci kanka ƙarfe 4 na yamma a tsakiyar gari, kuɗi cike da aljihu, ƙofofi duk a kulle, babu ko kare a titi balle wanda zaka tambaya.

Hanyar da nake magana a kai ita ce wadda suke kira Camino Francés, tana tashi daga Saint-Jean-Pied-de-Port a gindin duwatsun Pyrenees ta ɓangaren Faransa, ta miƙe kusan kilomita 780 har birnin Santiago de Compostela, mai tafiya a ƙafa yakan yi wata ɗaya da 'yan kwanaki. Asalinta hanyar ziyarar Kiristoci ce tun ƙarnukan baya, yanzu kuwa kowane irin mutum zaka gani a kai, mai addini da marar addini, tsoho da yaro, a 2023 kaɗai sama da mutum 400,000 suka karɓi takardar shaidar kammalawa a Santiyago ta hanyoyi daban daban. Sunayen garuruwan zan bar su yadda suke a rubuce a jikin allunan hanya, don haka zaka gansu da idonka.

To bari mu fara da agogon nan, don shine tushen komai. Mutanen Sifen basa cin abincin rana kafin ƙarfe 1 da rabi, yawanci ma sai 2, kicin ya yi aiki zuwa 3 da rabi ko 4 sai a kashe wuta. Abincin dare kuma nasu na gida sai 8 da rabi zuwa 9 ko sama da haka. Ba wai son jiki ba ne, agogon ƙasar ne tun 1940 aka matsar da shi gaba da awa ɗaya ya koma daidai da na tsakiyar Turai, shi yasa ƙarfe 2 nasu in ka duba rana kamar ƙarfe 1 ne, lokacin zafi ma da ake ƙara awa ɗaya sai ya zama kamar 12. Kai kuma mai tattaki ka fito tun 6 na asuba, ka yi kilomita 25, ka iso wajen 1 ko 2, ka kama gado, ka yi wanka, ka wanke kaya, ka ɗan miƙe ƙafa, kafin ka ce bari in fita neman abinci 4 ta yi, kuma wannan lokacin ne daidai da ba'a girki kuma kantuna a rufe, don ƙananan shaguna suna rufewa wajen 2 sai 5 su sake buɗewa. Zaka shiga ka tambaya a ce maka cocina cerrada, wato kicin a rufe yake. Shawarata anan guda ɗaya ce kuma ina maimaita ta ga kowa: in ka iso gari kafin 3, ajiye jaka ka je ka ci abinci tukuna, wanka zai jira, wanki zai jira, kicin ne ba zai jira ka ba.

Da dare kuma saboda masu tattaki wurare da yawa a kan hanyar suna fara bada abinci tun 7 ko 7 da rabi, don sun san masaukan da ake kira albergue suna kulle ƙofa ƙarfe 10. Amma wannan a ƙauyukan da suka dogara da hanyar ne, a manyan birane irin Burgos ko León gidan abinci ba ruwansa da kai, sai 8 da rabi zai buɗe, sai ka lura da lokaci kar ka dawo ka tarar an rufe maka ƙofa.

Sai kalmar bar. Na san mutanenmu da yawa da sun ga an rubuta bar sai su kauda kai su wuce, suna ɗauka mashaya ce kawai. A ƙauyen Sifen bar shine wurin shan kofi, shine wurin karin kumallo, nan tsofaffi ke zaman karta da karanta jarida, nan uwa ke shigowa da ɗanta ta saya masa lemo, wani ƙauyen ma nan ake ajiye burodin sayarwa da makullin masauki. Eh akwai giya a jere a bayan kanta, ba zan ɓoye ba, kowa ya san inda zuciyarsa ta kwanta, amma in ka ce sam ba zaka taka ba to ka sani a ƙauyuka da yawa ka rufe wa kanka ƙofa ɗaya tilo da ake samun abu mai zafi, da bayan gida, da wurin cika gorar ruwa. Ni abin da na riƙa yi shine in shiga in yi oda in fito da abina in zauna a kujerun waje, kusan kowanne yana da su.

Abin da zaka samu da safe kusan iri ɗaya ne daga farkon hanya har ƙarshe. Café con leche wato kofi da madara, té in shayi kake so, zumo de naranja ruwan lemun zaƙi da ake matsewa a gabanka, tostada gasasshen burodi da man shanu da jam ko kuma da niƙaƙƙen tumatir da man zaitun, sai uwa uba tortilla de patatas, wainar ƙwai ce mai kauri da dankalin turawa a ciki wani lokacin da albasa, ana yanka maka ɓari ɗaya a ɗora a kan burodi. Wallahi wannan wainar ita ta riƙe ni a hanyar nan fiye da komai, tana da arha, tana zama a ciki, kuma ko kicin a rufe yake sau da yawa zaka ganta a kan kanta a cikin gilashi. Ka dai duba, wasu suna cusa mata nama a tsakiya. Sai bocadillo, dogon burodi da aka tsaga aka zuba abu a ciki, ka ce de queso na cuku, de atún na kifin tuna, de tortilla na ƙwai, ka ƙara da para llevar su naɗe maka a takarda ka jefa a jaka.

Matsalar safiya ita ce in ka fito 6 ba lallai ka samu ko'ina a buɗe a garin da ka kwana ba, da yawa sai 7 ko 8. Abin da masu tattaki suka saba shine ka ci ɗan abin da ka tanada tun jiya, ayaba ko yogot ko guntun burodi, ka yi kilomita 5 ko 8, sai ka karya sosai a ƙauye na gaba. Kuma in ka shigo gari kaga bar na farko cike da jakunkuna a ƙofa da dogon layi, in garin mai ɗan girma ne ka ƙara taku kaɗan akwai na biyu, amma in 'yan gidaje goma ne kake gani kar ka yi caca, tsaya ka bi layin, mai yiwuwa shi kenan.

Yanzu maganar wuraren da babu komai, don su ne ke kama mutane. Ranar farko ma tana ciki, in ka bi hanyar saman dutse daga Saint-Jean zuwa Roncesvalles wajen kilomita 25 ce kuma hawa ne mai tsanani, bayan masaukin Orisson da ke kusan kilomita 8 babu wani ƙauye har ka sauka, akwai famfo ɗaya kusa da iyakar Faransa da Sifen da suke kira na Roland, wani lokacin kuma ana samun mai mota yana sayar da kofi da dafaffen ƙwai amma ba abin dogaro ba ne. Wannan hanyar ta sama ana rufe ta daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris saboda ƙanƙara, sai a bi hanyar ƙasa ta garin Valcarlos. Shi Roncesvalles ɗin ma ba gari ba ne sosai, tsohon gidan ibada ne da masauki da 'yan wuraren cin abinci, in zaka ci da dare ka yanki tikitin abincin tun lokacin da kake rajistar gado. Daga Villamayor de Monjardín zuwa Los Arcos wajen kilomita 12 gonaki ne zalla. Daga Villafranca Montes de Oca zuwa San Juan de Ortega shima wajen 12 cikin daji. Daga El Burgo Ranero zuwa Reliegos wajen 13. Wanda ya fi kowanne suna kuwa shine daga Carrión de los Condes zuwa Calzadilla de la Cueza, kilomita 17 a miƙe sambal a tsakiyar filin da ake kira Meseta, babu gari, inuwa kaɗan ce, kuma shi Calzadilla ɗin a cikin kwari yake, ba zaka hango shi ba sai ka zo kansa, sai mutum ya riƙa ji kamar hanyar ba zata ƙare ba. Irin waɗannan ranakun ka fita da ruwa lita 2 in lokacin zafi ne, da abincin da zai kai ka.

Don haka kowane dare kafin ka kwanta ka ɗauki minti biyar ka duba tafiyar gobe, ƙauye nawa ne, kilomita nawa tsakaninsu, wanne ke da bar wanne ke da shago. Ofishin masu ziyara na Saint-Jean yana bada takarda mai jerin garuruwa da masaukai, akwai manhajoji irin Buen Camino da shafin Gronze, amma wanda ya fi su duka shine mai kula da masaukin da ka kwana, hospitalero suke ce masa, shi ya san cewa shagon ƙauyen gaba mai shi ta tafi asibiti yau, ko bar ɗin can ya rufe tun bara. Ka tambaye shi. Waya bata san wannan ba.

Ni kaina sai da abin ya taɓa ni kafin in ɗauki maganar da muhimmanci. Wata Lahadi ce a Meseta, na wuce babban gari ranar Asabar da yamma ban sayi komai ba don naga a waya an nuna akwai shago a inda zan kwana gobe, na iso wajen 3, shagon a kulle, bar ɗaya da ke garin an manna takarda a ƙofa cerrado por descanso, wato sun tafi hutun mako. A jakata guntun burodin jiya ne da ya bushe da 'yan ƙwayoyin almon. Mu huɗu muka haɗu a kicin ɗin masaukin, wata mata daga Koriya da taliya rabin leda, wani dattijo ɗan Italiya da tafarnuwa da ɗan man zaitun a ƙaramar kwalba, muka buɗe kabad muka samu gishiri da shinkafar da wasu suka bari, muna cikin haka wata tsohuwa da gidanta ke kallon masaukin ta ƙwanƙwasa ƙofa da tumatir guda shida a cikin zanin gabanta, manya jajaye, da ɗumin rana a jikinsu, ta zube a kan tebur ta ƙi karɓar ko sisi. Har yau ina tuna hannunta, duk ƙasa a farce. Mun ci mun ƙoshi, amma tun daga ranar ban sake yarda Asabar ta wuce ni ban yi sayayyar kwana biyu ba.

Ka riƙe wannan, ranar Lahadi manyan kantuna irin Mercadona da yawancin su Dia da Eroski a rufe suke, ƙananan shagunan ƙauye wasu suna buɗewa da safe zuwa azahar wasu basa buɗewa sam. Ranakun hutu ma haka, 15 ga Agusta da 12 ga Oktoba a duk ƙasar, 25 ga Yuli a yankin Galicia, ga bukukuwan kowane gari na kansa. Wasu gidajen abinci kuma Litinin suke hutu. Lokacin sanyi daga Nuwamba zuwa Maris lissafin gaba ɗaya ya canza, don wurare da yawa suna kullewa har sai bazara. Dalilin duk wannan ba ɓoyayye ba ne, ƙauyukan sun zama kango, matasa sun koma birni, wani garin mutanen da ke kwana a ciki basu kai 50 ba kuma yawanci tsofaffi ne, bar ɗin da kake gani mutum ɗaya ko mata da miji ne ke riƙe da shi daga 6 na safe har dare wata bakwai a jere. In ka tarar sun rufe rana ɗaya kar ka yi fushi da su.

A ƙauyen da babu gidan burodi akwai wani abu da ya kamata kunnenka ya saba da shi. Da hantsi zaka ji farar mota ta shigo tana danna ham babu ƙaƙƙautawa, ta tsaya a dandali, sai kaga ƙofofin da ka ɗauka babu kowa a ciki suna buɗewa, tsofaffi na fitowa da silifas da jakar yadi. Mai burodi ne. Kai ma ka je ka tsaya a bayansu, ka ce una barra, zai miƙo maka dogon burodi da sauran ɗuminsa, wani lokacin yana da su kek da biskit. Akwai masu kifi da masu kayan marmari da suke zagaye irin haka a wasu ranaku.

Abin da zaka ajiye a jaka kullum ba wani mai yawa ba ne, don duk abin da ka saya a bayanka zai hau, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ni dai ba'a raba ni da burodi, ɗan cuku mai tauri wanda baya lalacewa da wuri, kifin gwangwani guda ɗaya mai murfin da ake ja da yatsa, gyaɗa ko almon mai gishiri, dabino ko busasshen ɓaure, tuffa ko lemu guda ɗaya. Ƙaramar wuƙa da cokali suna da amfani, wuƙar ka saye ta can in baka da jakar da zaka auna a jirgi. Ayaba ka ci da wuri tana dagargajewa, cakulan kuma yana narkewa cikin kaya lokacin zafi. A ƙaramin shago kar ka kai hannu kan kayan marmari, ka nuna mai shagon ya ɗauko maka, a babban kanti kuma akwai safar hannu ta leda a gefe, wasu sai ka auna da kanka ka manna farashi kafin ka je wajen biya. Inabin da zaka ratsa ta cikinsa a yankunan La Rioja da Bierzo gonar mutane ce, guminsu ne na shekara, kar ka tsinka komai kyansa.

Kuɗi kuwa ka riƙe tsaba, Yuro 50 zuwa 100 a ƙananan takardu da sulalla. Kati yana aiki a wurare da yawa yanzu amma ba ko'ina ba, kuma kana iya kwana biyu baka ga na'urar cire kuɗi ba. Kar ka miƙa wa mai bar takardar 50 don kofi ɗaya.

Ruwa. Kusan kowane ƙauye yana da famfo a dandali ko kusa da coci, fuente suke cewa, kuma ruwan famfon gari a Sifen ana sha. Abin da zaka koya shine karanta allon da ke jiki. Agua potable ana sha. Agua no potable kar ka sha, ko da kaga yana sheƙi. Akwai na uku, agua no tratada ko sin garantía sanitaria, wato ruwan marmaro ne da ba'a sa masa magani ba kuma hukuma bata ɗauki alhakinsa ba, 'yan garin suna iya sha cikinsu ya saba, kai baƙo da sauran kilomita 400 a gabanka gudawar kwana biyu zata ɓata maka tafiya, musamman a inda shanu suka yi yawa kamar Galicia. In babu allo ko kaɗan ka tambayi wani, es potable, kalma biyu ce. Tun 2022 dokar ƙasar ta wajabta wa bar da gidajen abinci su bada ruwan famfo kyauta ga wanda ya zo ci ko sha, ka ce agua del grifo, amma mutunci shine ka sayi ko kofi ne kafin ka miƙa gorarka a cika maka. Kuma duk famfon kirki da ka gani ka cika, ko gorar rabi take, don na gaba yana iya zama ya ƙafe a watan Agusta.

Kar ka jira ƙishi ya kama ka, ka riƙa kurɓa kaɗan kaɗan. Ka lura da fitsarinka, in ya yi duhu ko ka yi sa'o'i baka ji shi ba to ruwa ya yi maka kaɗan. A Yuli da Agusta zafin Meseta yana haura digiri 35, gumi yana tafiya da gishirin jiki, shi yasa nace gyaɗa mai gishiri, ko zaitun, ko ka sayi garin gishirin nan na gudawa a kantin magani ka riƙa zubawa a gora ɗaya. In kaga abokin tafiya ya fara jiri, yana magana ba kan gado, jikinsa ya yi zafi, ka kai shi inuwa ka jiƙa shi da ruwa ka kira 112, lambar gaggawa ce kuma kyauta ce.

Wani wuri da ya kamata ka sani, da ka fita daga Estella kaɗan a Irache akwai famfo biyu a jikin bangon wani kamfanin giya, ɗaya ruwa ɗaya jan giya kyauta, mutane na ta ɗaukar hoto. An rubuta agua a kan ɗaya, vino a kan ɗaya. Ka karanta kafin ka tara gora.

Wannan ya kawo ni kan 'yan'uwana da basa cin alade basa shan giya, don anan ne aikin yake. Abincin da aka fi samu a hanya shine menú del peregrino ko menú del día, kwano na farko, kwano na biyu, kayan zaƙi, burodi, da ruwa ko giya, duka a kuɗi ɗaya, lokacin da na taka hanyar wajen Yuro 12 zuwa 15 ne a yawancin wurare. Giyar suna iya dire ta a tebur ba tare da ka tambaya ba, ka ce agua por favor shi kenan babu wanda zai kalle ka. Aladen ne ke ɓuya. Kalmar cerdo kaɗai bata isa ba, ka haddace 'yan'uwanta: jamón, chorizo, lomo, tocino, panceta, lacón, morcilla, da manteca wato kitsensa. Dalili shine a wajen mai girki da yawa ɗan jamón da aka barbaɗa ba nama ba ne, kayan ɗanɗano ne, sai ka ce sin carne ya ce eh da zuciya ɗaya ya kawo maka da shi a ciki. Ya faru da ni da lentejas, wani ƙaramin wake ne da suke dafawa kamar fate, na tambaya akwai nama aka ce babu, na sa cokali sai ga jan yanka na chorizo ya taso. Matar ta ji kunya sosai ta canza min da salak, ba da gangan ta yi ba, tambayata ce bata cika ba. Daga nan na rubuta a takarda no como cerdo, ni jamón, ni chorizo, ni manteca, ina nunawa kawai.

Miyar tafarnuwa ta Castilla yawanci da jamón, caldo gallego na Galicia ko baka ga nama ba da kitsen alade ko ƙashinsa ake dafa shi, kifin trucha na Navarra ana soya shi da jamón a ciki, morcilla ta Burgos jini ne da shinkafa, cocido maragato na wajen Astorga da botillo na Bierzo cike suke da alade. Empanada, gasasshiyar fulawa mai nama ko kifi a ciki, ko ta kifi ce ka tambayi da wane mai aka kwaɓa fulawar. Abin da ya rage maka ba kaɗan ba ne: ensalada mixta salak da tuna da ƙwai, taliya da tumatir in ka tabbatar babu chorizo, merluza da bacalao da sauran kifi, soyayyen ƙwai da dankali, garbanzos, wani irin wake ne, da alayyafo, 'yan koren barkonon Padrón da ake soyawa a barbaɗa gishiri, cukun Arzúa mai taushi, pulpo na Melide ga mai cin kayan teku, wata dabba ce mai hannuwa takwas da ake dafawa a yanka da almakashi a kan farantin katako, sai kek ɗin almon na Santiyago. Mai neman yankan halal sai a birane, Pamplona, Logroño, Burgos, León, nan zaka samu mahauta 'yan Maroko da Pakistan da masu kebab, ka ci ka more kafin ka koma ƙauye.

Hanya mafi kwanciyar hankali da arha kuma ita ce ka dafa da kanka. Masaukai da yawa suna da kicin, ka leƙa kafin ka je sayayya kaga akwai tukunya, akwai wuta, me wasu suka bari a kabad, sannan ka nemi mutum biyu ko uku ku haɗa kuɗi. A Galicia ka yi hattara, masaukan gwamnatin yankin suna da kicin mai kyau amma sau da yawa babu tukunya babu cokali. Akwai kuma masaukan sadaka da ake kira donativo, irin na cocin Grañón, inda kowa ke sa hannu a girki a ci tare a dogon tebur, babu farashi sai akwati a gefe. Abin da ka saka yau shi za'a ciyar da na gobe da shi, don haka in kana da hali ka saka kamar yadda zaka biya a wani wuri. Ka gaya wa masu girkin abin da baka ci tun da rana kafin a ɗora tukunya, sun saba da masu cin ganye zalla, ba zasu ji komai ba. Na sadaka ne su ma teburan da zaka riƙa gani a bakin hanya da ayaba da kankana da ruwa babu mai tsaro sai gwangwanin saka kuɗi.

Daga Sarria, wato kilomita ɗari da 'yan kai na ƙarshe, wahalar nema ta ƙare, kusan duk bayan kilomita 2 ko 3 akwai wurin zama, har da injinan da ake jefa wa sulalla a cikin tsofaffin rumbuna. Matsalar can cunkoso ce, don nan mafi yawan mutane ke farawa tunda kilomita 100 a ƙafa ake buƙata kafin a baka takardar shaida, kuma a wannan zangon ana son hatimi biyu kowace rana a credencial, ɗan littafin mai tattaki da ake buga wa hatimi a hanya. Kusan kowane bar yana da nasa hatimin a kan kanta, sai ka haɗa biyu, ka sha kofinka ka buga sello ka wuce. In kana son abincin dare a Portomarín ko Palas de Rei ko Arzúa a watan Agusta ka leƙa tun da rana ka ce su ajiye maka kujera.